Gilashin Bangon Sista

Gidan Sista shi ne na ƙarshe a layin ƙasa, wurin da duk ruwan rukunin gidajen yake taruwa ya yi shawara kafin ya san inda zai nufa. Kamfanin da ya gina rukunin a kan gangare ya sami fili. Can sama ƙasar mai tauri ce, nan ƙasa kuwa fadama ce aka zazzage mata tifa-tifa na jar ƙasa, aka daddaɓe sama-sama, aka ɗora gini. A hoton talla duk gidajen ɗaya suke: fenti ruwan madara, jan rufi, ɗan baranda a gaba. Sai mutum ya yi damina ɗaya a ciki yake sanin irin wanda ya saya.

Sista tsohuwar nas ce, sunan asibiti ne ya biyo ta har bayan ritaya. Duk abin da aka sallame ta da shi a gidan nan ta zuba, ba ta rage ko na sayen kujera ba. Ba su daɗe da tarewa ba ɓarin jikin mijinta ya shanye. Tsohon direban babbar mota ne, ƙato, mutumin da a da in ya yi dariya ake jiyo shi a gida na uku. Yanzu yana kwance a gadon ƙarfe irin na asibiti, mai hannun murɗawa a ɗaga kai, don in ya kwanta a miƙe ƙwarewa yake yi. Magana ta tafi, hannun hagu kaɗai ke aiki, da shi yake dafa bango idan za a juya shi. Gadon ya shiga ɗakin lafiya lau lokacin da ƙofa ke tsaye daidai. Daga baya gini ya zauna, katakon ƙofar ya karkace ya matso, har ya zama ko an so fitar da gadon ba zai fita ba, ɗakin kuma ba shi da faɗin da za a juya shi.

A wannan bangon da yake dafawa tsagar take. Ta fara siririya kamar zare daga kusurwar taga, ta gangaro ta gefen gadon har ƙasa. A damina ta biyu Sista tana iya tura ɗan yatsanta ciki. Ta yi zaryar ofishin kamfani har masu gadi suka san takunta. Kullum Manaja yana ganawa, ko yanzun nan ya fita, in an ji tausayinta kuma a aiko mai yaɓe ya cusa siminti a tsagar ya goga fenti, kafin wata ya zagayo ta sake buɗe baki.

Tana da ƙane a rukunin, a layin sama. Ita tana ce masa Auta, sauran jama'a kuma Ciyaman, don shi ne shugaban ƙungiyar mazauna. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta yi masa makaranta da albashin kwanan asibiti, ita ma ta kai masa labarin gidajen tun ana haƙa harsashi. Ya tashi mutum mai laushin murya, wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, bai kuma taɓa yi wa kowa abin da ya ce zai yi ba. Duk lokacin da ta kai masa kukan bangon sai ya kama hannunta da hannu biyu ya ce, "Yaya, ki bar mini. Maganar tana hannuna." A hannun nasa maganar ta tsufa.

Ana haka kamfani ya nemi a ba rukunin shaidar inganci da ɗorewa, irin wadda ake kafa allonta a bakin get. Yana so ya fara sabon rukuni a ƙetaren titi, masu ba da rance kuma ba sa sauraron wanda ba shi da ita. Mazauna ma suna so, don Manaja ya yi alkawarin kwalta da babban tankin ruwa ranar da allon ya hau. Mutanen layin ƙasa kuwa, waɗanda kowannensu ke da tasa tsagar a bayan durowa, sun fi kowa zumuɗi. Da shaida a get gida zai sayu, a lallaɓa a damƙa wa wani baƙo mukulli a tsere.

Makon da masu dubawa za su zo, rukunin ya koma kamar gidan da ke jiran surukai. An kawo bishiyoyi a mota an daddasa, wasu ko ledar gindinsu ba a cire ba. An kakkafa fitilun sola a kan hanya. Lambatun da ya taso tun daga layin sama ya ƙare a bayan ɗakin Sista aka yi masa murfin siminti, don kada a ga ba ya zuwa ko'ina. Mai fenti ya bi gida-gida da bokitinsa, da ya iso na ƙarshe Sista ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ya wuce.

Auta ya sauko da kansa. "Yaya, kowa ya yi. Ke kaɗai za ki ba mu kunya?"

"Ni ban taɓa shafa wa ciwo hoda ranar da likita zai zagayo ba," in ji ta. "A bar shi a gani."

Shugabar masu dubawar injiniya ce, siririyar mace mai tabarau, ba ta dariya, ba ta kuma faɗa. A ƙarƙashin rumfar da aka kafa mata ta bayyana wa jama'a abin da suke dubawa: ƙasar da gini ke kai, hanyar da ruwa ke bi, iska da hasken da ke shiga ɗakuna, kayan da aka yi aikin da su, da ko gidan zai iya jiran jikokin mai shi. Na ƙarshe, ta ce, shi ne gamsuwar mazauna, sai ta tambaya ko akwai mai ƙorafi. Mutanen da suka shekara suna tara ruwan rufi a robar wanka suka yi ta rantsuwa cewa ba su taɓa barci mai daɗi irin na rukunin nan ba. Daga can baya Sista ta ɗaga hannu.

Injiniya ta bi ta har ɗakin. Ta gaida majinyacin kamar zai amsa, abin da ya sa ta shiga ran Sista nan take. Ta ƙwanƙwasa bangon, ta auna faɗin tsagar, ta leƙa ta taga ta daɗe tana kallon murfin lambatun. Auta yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana sauraro da kyau.

"Mama, tsaga iri biyu ce," in ji Injiniya. "Akwai matacciya, gini ya gama zamansa, sai a cike ta a manta. Akwai mai rai, wadda ƙasa ke ci gaba da ja. Ba a yarda in yanke hukunci da ido ba. Wannan ne zai faɗa."

Ta fito da wani siririn gilashi, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ta gicciya shi a kan tsagar, ta liƙe bakinsa biyu da gam mai tauri. Ta sa shi inda tsagar ta fi faɗi, sama da matashin majinyacin, inda hannunsa ba ya kaiwa.

"Gilashi ba ya miƙewa. In bangon ya motsa, karyewa zai yi. Zan dawo ƙarshen damina. In na tarar ya karye da kansa, dole kamfani ya mayar da ku gida mai lafiya, tunda garantinsa bai ƙare ba sai ƙarshen shekara, kuma babu shaida sai an tone layin nan duka an duba. In bai karye ba, shi ke nan."

"Zai karye," in ji Sista.

"Sharaɗi ɗaya ne, Mama. Kada hannu ya taɓa shi. Ko ya karye a bar shi yadda yake. Karayar bango daban take da ta hannun mutum, amma sai gutsattsarin suna wurinsu nake iya bambancewa."

Kafin yamma babu wanda bai ji ba. Kwaltar rukuni guda, da tankinsa, da cinikin gidajen layin ƙasa, duk suna rataye a jikin ɗan gilashin da ke ɗakin Sista. Gaisuwa ta fara ƙaranci. Mai shagon kan kwana, wanda take auna wa jini kyauta duk ƙarshen mako, ya koma ba shi da canji in ita ce. Maƙwabciyarta matar akawu, wadda Sista ta karɓi haihuwarta a kan tabarmar falo ranar da mota ta ƙi tashi, ta daina aiko yaranta. Wasu kuma sai yanzu suka tuna da duba mara lafiya. Su shigo su ce yaya jiki, idonsu a bango, su fita ba su ko kalli fuskar mutumin ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne abin da aka mayar da matar. Mace ta ƙarar da ƙuruciyarta tana roƙon ciwo ya warke, yanzu ga ta tana leƙen hadari tana fatan gidanta ya ƙara darewa. In an yi ruwa mai ƙarfi sai ta tashi da murna ta je ta duba, in ta ga gilashin lafiya ƙalau sai ta koma ta kwanta ba daɗi. Ita kanta ta san abin ba kyau, tana jin kunyarsa, amma ba ta da wata ƙofar.

Auta ne kaɗai bai sauya mata fuska ba. Akwai wani gida a layin sama da kamfani bai sayar ba, ya ajiye shi don irin wannan lalura, mukullin kuma yana hannun Ciyaman. Rannan ya zaro shi daga aljihu ya miƙa mata.

"Je ki gani, Yaya. In ta tabbata, nan za ku koma. Ki san gidanki tun yanzu."

Ta je. Ƙasan a bushe, ƙofofi suna rufuwa da ɗan yatsa, babu warin danshi ko kaɗan. Ƙofar ɗakin kwana tana da faɗin da keken mara lafiya zai wuce, tagar kuma tana kallon hantsi. Ta tsaya a tsakiyar falon da babu kowa ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska, ta ciro tef ta auna tagogin. Washegari ta sayo shuɗin yadi. Duk yamma tana gefen gadon da keken ɗinkinta, tana ɗinka labule tana ba mijin labari.

"Maigida, in ka ga tagar nan sai ka ce a bar ka a nan. Zan riƙa tura ka baranda kana ganin motoci, kana zagin direbobin yanzu a zuci."

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga. Ya kama bakin yadin da hannun hagu yana murzawa, kamar mai duba ko an cuce ta a kasuwa.

Damina ta kusa ƙarewa aka yi wani ruwa da ya kwana biyu yana zuba. Da safe tana ba shi abin kari da cokali sai suka ji ɗan ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ta ɗaga kai. Gilashin ya karye a tsakiya. Ɓari ɗaya yana nan daram, ɗayan ya tsage biyu, wani tsini mai kaifi ya sunkuyo, ɗan gam kaɗan ke riƙe da shi, daidai saitin fuskar mijinta.

Ta ajiye cokalin ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta kira Injiniya, wadda ke wani aiki a nesa. "Kada ki taɓa, Mama," in ji ta a waya. "Farkon mako ina nan." Daga nan ta kira Auta, don in mutum ya sami abin farin ciki nasa yake nema, ita kuma ba ta da wani nata a kusa sai shi.

Ya zo ba gaggawa. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Barka, Yaya. Wahala ta ƙare." Ya nuna bangon da yatsa. "Amma wannan tsinin fa?"

"Ta ce kada a taɓa. Zan samo kwali in tare ta ƙasa."

"Kwali." Ya girgiza kai a hankali. "In ya sulluɓe ta gefe fa? Mutumin nan ko kauda kai ba ya iyawa. Ido ne fa a wurin. Ke da kika sha korar ɗalibai daga ɗakin majinyata don sun bar allura a kan gado? Ni kaina har yau ina jin marin da kika yi mini a kan reza guda da na bari a tabarma."

"Auta, sharaɗi ne."

"Sharaɗin ai don kada a karya ne. Wannan ya riga ya karye, ga ni na gani da idona. Cire tsinin kawai ki ajiye mata a kwalba. Ni ne Ciyaman, in na ce na shaida, wa zai musa?"

Sai tari ya sarƙe majinyacin. Gadon ƙarfen ya bugi bango, tsinin ya yi rawa. Iyakar abin da aka buƙata ke nan. Duk shekarun da ta yi a asibiti an koya wa hannunta abu ɗaya har ya zauna a ƙashi: ba a barin abu mai kaifi a kan majinyaci, ko na minti ɗaya. Kafin kanta ya gama shawara ta riga ta ɗauko tsohon farantin aikinta, da hantsaki da auduga da filasta.

"Ɗakin da duhu," in ji Auta. "Bari in haska miki."

Ya zauna a bakin gadon ya ɗaga waya. Ta sa hantsaki ta kama tsinin. Da ta ja, gutsuren da ke bayansa ya biyo shi da ɗan ƙara. Ta sa su a kwalba, ta bi wurin da auduga ta share ɓurɓushin, ta yanko filasta ta rufe bakin da ya rage don kada ya yanki wani. Aiki tsaf, irin wanda ake nuna wa ɗalibai. Tun da ta fara mijin yake wani irin gurnani yana dukan katifa da hannun hagu, idonsa a kan wayar, don daga inda yake kwance yana ganin abin da ke fuskar wayar.

"Yi haƙuri, Maigida," in ji Sista ba ta waiwayo ba. "Na kusa gamawa. Ba zai faɗo maka ba."

Farkon mako Injiniya ta zo, Manaja na biye da ita da sabon takalmi, yana tsallake danshin falon. Auta ya zo, maƙwabta suka cika baranda. Sista ta yi wa mijinta wanka ta sa masa riga mai guga, labulayen kuma suna ninke a kan kujera. Ta miƙa kwalbar da hannu biyu.

Injiniya ba ta karɓa ba. Filastar da ke bango take kallo.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ce, 'yata. Da kansa ya karye, muna zaune. Tsini ne ya sunkuyo a kan idonsa na cire. Ga ƙanena, ya gani kafin in taɓa." Ta juya. "Auta, faɗa mata."

Auta ya sauke ajiyar zuciya. Wallahi in ka ga fuskarsa a lokacin sai ka ba shi haƙuri.

"Ranki ya daɗe, yayata ce. Ita ta raine ni, ba ni da uwar da ta wuce ta. Da a ce maganar ta gida ce da na haɗiye. Amma amanar jama'a tana wuyana." Ya ciro wayar. "Ni ban ga lokacin da ya karye ba. Ga abin da na gani."

Hoton mai motsi ya fara ne daidai inda hantsaki ya kama gilashi. Ana ganin hannun Sista, ana jin ɗan ƙaran da gutsuren ya yi, ana ganin auduga tana share wurin. A baya ana jin gurnanin mijinta, wanda duk mai kallo zai ɗauka hana ta yake yi. Hana ta ɗin kuwa yake yi.

Daga baranda matar akawu ta sa baki. "Ni dai ba ruwana, amma a duba kujera. Tun gilashi yana lafiyarsa take ɗinka labulen gidan sama. Ta yaya ta san zai karye?"

Aka yi ta gyaɗa kai. Wani ya ce dama shi ya yi mamaki.

Injiniya ta sake auna tsagar. Ta ƙaru, ba kaɗan ba, ta kuma faɗa a fili. Manaja ya yi murmushi cikin ladabi.

"Ranki ya daɗe, hannun da ya sa hantsaki a gilashi, me zai hana shi sa wuƙa a tsaga? Ba zargi nake ba. Tsufa ne da gajiyar jinya, mu ma muna tausaya mata."

Injiniya ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta matso kusa da Sista ta rage murya.

"Mama, ni ina da ido, na kuma san abin da na gani a bangon nan. Amma ba idona ake kai wa kwamiti ba. Gilashin da aka taɓa ba ya shaida, haka ƙa'idar take, ba don ke aka yi ta ba. Zan iya liƙa wani, sai dai yana buƙatar wata daminar."

"Ga shi garantinmu ƙarshen shekara yake ƙarewa," in ji Manaja, kamar mai tuna wa mutane lokacin tashin mota. "Bayan nan gida na mai shi ne."

Sista ba ta yi kuka ba, ba ta yi Allah ya isa ba, abin da 'yan baranda suka tsaya jira ke nan su sami na bayarwa. Tana tsaye da kwalbar a hannu tana kallon ƙanenta. Ba cutar ce ta fi yi mata ciwo ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ya san inda zai taɓa, kuma a gidanta, a kan cinyarta, ya koyi wurin. Da kowa ya watse ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula.

"Yaya, mutum ɗaya ba zai tsayar da rukuni guda ba. Nan gaba za ki gane. Maganar gyaran bangon kuma ki bar mini."

Sauran ba wuya. Bishiyoyi sun ci jarrabawa da ledarsu, fitilu sun ci, murfin lambatu ya ci, gamsuwar mazauna kuwa ba a magana. Aka kafa allo a bakin get, kore da fari, aka ɗauki hoto, Ciyaman a tsakiya. Kwalta ta zo ta tsaya a ƙarshen layin sama. Cikin rani mutanen layin ƙasa suka yi ta sayarwa ɗaya bayan ɗaya, matar akawu ce ta fara, ta tafi ko sallama babu. Sababbin masu gida suka tare da murna, suna yaba kyawun fenti. Gidan nan na sama da ba kowa, kamfani ya ba ƙungiyar mazauna kyauta don yabawa da haɗin kai, ƙungiya kuma ta ga bai kamata a bar shi ba mai kula ba. Babban ɗan Ciyaman yana shirin aure, aka ga ya dace.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, matar Auta ta sauko layin ƙasa, karo na farko tun ranar dubawa. Ta yi sallama ta zauna a bakin kujera tana tattare zani daga danshi. Ta tambayi jikin maigida, ta yi maganar zafi, ta yi maganar tsadar kayan ɗaki. Sannan ta zo kan abin da ya kawo ta.

"Yaya, dama labulayen nan ne. Na ce tunda da awon tagogin can kika ɗinka, ba za su shiga ko'ina ba sai can. Kuma ɗanki ne zai zauna, duk gida ne. Kada su lalace a ajiye."

Suna nan a ninke inda suke tun ranar, Sista ba ta iya taɓa su ba. Ba a jira amsarta ba. Matar ta ɗauka tana ƙirgawa da ido, tana yaba ɗinkin, ta ce hannun Yaya ba dai tsafta ba. Ta kai ƙofa sai ta tsaya, ta zaro guda ɗaya ta ajiye a ƙafar gadon.

"Wannan ki riƙe. Ki sa a buga miki ƙusa ki rufe wurin nan. Ciyaman ya ce sababbin maƙwabta sun fara tambaya, ba daɗi baƙo ya leƙo ya gani."

Ta fita da sauri don kada ruwa ya taɓa yadin.

Iska ta taso, ruwa ya sauko. Ba a jima ba aka fara jin lambatun yana kawo na layin sama duka, yana tara shi a bayan ɗakin kamar yadda ya saba. Yashi ya fara zubowa daga tsagar, siriri, a kan matashin. Mijin ya runtse ido, yana ƙoƙarin kauda kan da ba ya kauduwa. Sista ta ja gadon, ƙafarsa ta tokare da bangon gefe, bai matsa ko taƙi ba. Ta tsaya tana haki.

Sai ta ɗauki labulen ta warware. Ta durƙusa da gwiwa ɗaya a bakin katifar, ta sunkuya a kansa, ta ɗaga shuɗin yadin da hannu biyu ta yi masa rumfa. Yashin ya koma sauka a kan yadin, da ɗan tsakuwa jefi-jefi. Ya miƙo hannun hagu ya riƙe mata gefe ɗaya.

"Riƙe da kyau, Maigida," in ji ta. "Ruwan farko ne, ba ya daɗewa."

Hannuwanta sun fara gajiya, ruwan kuma sai ƙaruwa yake yi.